Tukunyar Da Rhoda Ta Sauke

Rhoda ta kashe ƙanin mijinta da taɓarya, bugu ɗaya, ranar wata Laraba da hantsi. Ba ta taɓa musu ba, ko a gaban 'yan sanda ko a gaban alƙali. Abin da ya ɓata mata shari'a shi ne, kafin ta ɗauki taɓaryar sai da ta tsaya ta sauke tukunya daga kan wuta.

Gidan yana bakin garin Kontagora ta hanyar Rijau, ɗaki uku da rumfar kwano. Mazaunansa mutanen wani ƙauye ne na wajen Bangi, 'yan bindiga suka tashe su, suka baro gona da rumbu suka zo nan suka raɓe. Su biyar ne a ciki. Akwai Mama Fure, tsohuwar gidan, wadda mijinta ya rasu tun a ƙauye. Akwai babban ɗanta Bitrus, mai lodin buhunan masara a kasuwa, da matarsa Rhoda, da 'yarsu Patience mai shekara uku. Sai auta, Prince, ɗan shekara ashirin da biyu, wanda tun da aka shigo gari bai riƙe wani aiki ba sai shan ƙwaya.

Rabin abincin gidan daga kafaɗar Bitrus yake fitowa, rabi daga man kaɗe. Sana'ar ta Mama Fure ce, aikin na Rhoda ne. Ita ke soya ƙwarar kaɗanya, ta daka, ta kai inji, ta dawo ta durƙusa ta yi ta bugun ƙullin da hannu har farin kumfa ya taso, ta kwashe ta wanke. Aikin kwana shida kenan. A rana ta bakwai ake ɗora kumfan a wuta ya narke ya zama mai. Wannan ita ce ranar da ba a barin murhu. In wuta ta yi yawa na ɗan lokaci kaɗan, man ya yi baƙi, ya yi ƙauri, ko kyauta ba mai karɓa.

Prince bai taɓa kiran ta da sunanta ba. Matarmu yake ce mata. Kowa ya san tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, ya tsokane ta, ta tsokane shi, ya ɓoye mata ludayi, ta sa masa barkono a kunu, manya su yi dariya. A ƙauye haka suke yi, Rhoda ma tana ramawa. A gari ne wasan ya sake.

Ranar farko mari ne. Ya shigo idanu jajur, ya tsaya a kanta tana wanke kumfa.

"Matarmu, ina tuwona?"

"Yana ɗakin Mama, a rufe."

"Ni zan ɗauko? To amfanin me muka auro ki?"

"Hannuna da mai ne, ɗan auta. Ko ƙafar taka ta tafi kasuwa ta bar ka?"

Ta faɗa ne da dariya, irin ta da. Ya kwaɗa mata mari har ɗankwalinta ya faɗa cikin ruwan. Mama Fure tana zaune a kan turmi tana tsince wake. Ta ɗago ta duba, ta mayar da kai.

"Ke ma bakinki ya yi yawa," ta ce. "Wasa ne. A garinku ba a wasa da ƙanin miji?"

Da yamma Rhoda ta nuna wa Bitrus kuncinta. Ya duba, ya ce shatin ba wani babba ba ne.

"Maman Patience, ki yi haƙuri. Kin san abin da ya gani ranar da aka shigo mana. Kansa bai dawo daidai ba. In ban riƙe shi ba wa zai riƙe shi?"

Amma ba shi ke riƙe shi ba. Tun daga lokacin Bitrus ya koyi wata dabara. Da ya ji muryar Prince ta fara tashi a tsakar gida, sai ya zura silifa ya ce zai je ya duba ko motar Rijau ta shigo. Ba ya dawowa sai gida ya yi shiru. Mama Fure kuma ta tsara gidan yadda ya yi mata. Rhoda ce za ta kai wa Prince abinci, ita za ta tashe shi, ita za ta ce masa babu in ya nemi abin da babu.

"Ke ce mai sanyin hali," in ji ta. "Ke yake jin maganarki."

Mari ya zama naushi, naushi ya zama itacen girki. Kowane da sunan da ake ba shi. In a baya ne, wasa ne ya yi nisa. In a fuska ne, ita ce ta juyo ba a shirya ba. Maƙwabta suna ji ta katanga, washegari su gaishe ta da ya gajiya, ta ce babu gajiya.

Sau ɗaya ta gudu. Ranar narka mai ce, tukunya tana kan wuta, Prince ya fito da wayar lantarki a hannu. Ta ɗauki Patience ta fita da gudu ta shige gidan maƙwabta, ta zauna a bayan ƙofa har ta ji ya fita. Da ta dawo hayaƙi ya cika rumfar. Man ya kama da wuta, ya ci har kwanon rufi ya yi baƙi. Mama Fure tana tsaye a gefen murhu, hannu a ƙugu. Ba ta tambayi abin da ya kore ta ba.

"Aikin kwana bakwai," ta ce. "Me za mu ci?"

"Mama, da waya ya biyo ni."

"Wayar ta kashe ki? Ga ki nan tsaye. Man fa, yana ina?"

Rhoda ta durƙusa ta janye sauran itacen.

"Ki saurare ni da kyau, don ba zan sake faɗa ba. A gidan nan, ko mutuwa ce ta shigo, ki sauke tukunya tukuna. Ki janye itace, ki rufe. Bayan nan in kin ga dama ki mutu."

Kwana biyu Rhoda tana kankare gindin tukunyar da yashi. Sati guda tsohuwar ba ta amsa gaisuwarta ba, Bitrus ma ya ɗaure fuska, don a satin sau ɗaya ake ɗora girki. Ba wanda ya ambaci sunan Prince. Rhoda ta riƙe maganar. Bayan haka ya sha samun ta a bakin murhu, ta sha duka a tsugune, hannu ɗaya tana kare kai, ɗayan yana janye itace. Mai bai sake ƙonewa ba.

A shekara ta biyu ta samu ciki. Yana wata biyar Prince ya nemi ta ba shi wayar salularta ya sayar, ta hana. Ya haure ta a mara. Jini ya ɓalle kafin la'asar. A wani ƙaramin asibiti aka kwantar da ita, aka fitar da abin da ya rage, namiji ne. Nas ta zo da takarda tana tambaya yadda aka yi.

"Santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya," in ji Mama Fure.

Nas ta dubi Bitrus. Ya gyaɗa kai. Ta dubi Rhoda.

"Haka ne?"

Rhoda ta dubi silin. "Haka ne."

Nas ta rubuta.

Bayan sati biyu Baba Philip ya zo sulhu. Ƙanin mahaifin Bitrus ne, dattijo a coci. Ya zauna a kujerar roba ya yi doguwar addu'a, ya ce maganar gida a gida take ƙarewa, ya ce mutanen da aka kora daga ƙasarsu bai kamata su ƙara kai kansu caji ofis ana yi musu dariya ba. Ya ce Prince ya ba da haƙuri.

"Matarmu, sori," in ji Prince, yana kallon ƙasa yana murmushi.

"To kin ji. Tashi ki ba mijinki ƙarami ruwa, a wuce wurin."

Ta tashi ta ɗebo ruwa ta ba shi. Ba ta da inda za ta. Ƙauyensu ya zama kango, iyayenta sun rasu, yayanta ɗaya yana Zugurma yana noma a gonar wani. Ta kira shi sau ɗaya, ya ce ɗaki ɗaya suke kwana su bakwai, ta ƙara haƙuri zuwa kaka.

Daga nan ta daina kuka. Ta daina ramawa da baki, ta daina nuna wa kowa shati. Tana tashi, tana daka, tana bugun ƙulli. In an buge ta sai ta jira a gama ta ci gaba da abin da take yi. Mama Fure ta ce wa matan coci surukarta ta yi hankali yanzu.

Ranar Larabar, tukunya tana kan wuta tun safe, man ya fara washewa. Bitrus ya fita. Patience tana wajen maƙwabta. Mama Fure tana ƙofar ɗakinta. Prince ya fito bai wanke ido ba, ya ce a dama masa kunu. Rhoda ta ce ya jira ta sauke mai. Ya zari ɗanyen itace daga gefen murhu ya sauke mata a gadon baya, ya ƙara. Ta faɗi a gefe. Ya sa ƙafa ya haure ta a mara, daidai wurin da ya haura a da.

"Ko akwai wani a ciki?" ya ce. "In akwai ki faɗa mini, in rage miki wahala kamar wancan."

Ya yi dariya, ya je ya zauna a kan benci a inuwa, ya ba ta baya, ya ciro waya yana latsawa.

Rhoda ta tashi. Kunnuwanta sun toshe, ba ta jin komai sai wata ƙara siririya. Ta ga man ya fara tafasa ta gefe. Ta ɗauki tsumma biyu ta kama kunnuwan tukunyar ta sauke. Ta janye itatuwan ta yayyafa musu ruwa. Ta ɗauko faifai ta rufe. Taɓarya tana jingine da turmi, taki uku daga wurin. Ta ɗauka, ta taka, ta sauke masa a ƙeya.

Ya zame daga bencin, wayar tana ci gaba da waƙa a ƙasa. Mama Fure ta fasa ihu. Rhoda ta mayar da taɓaryar inda ta ɗauko ta, ta zauna a kan turmi har 'yan sanda suka zo.

A caji ofis wani kofur ya ce ta faɗi yadda aka yi tun daga farko, kada ta bar komai. Tana faɗa da Hausarta ta kasuwa, yana rubutawa da Turanci. Ba ta bar komai ba. Ta faɗi itace, ta faɗi hauri, ta faɗi tsumma da faifai da ruwan da ta yayyafa. Ya karanta mata, ta ce haka ne, ta dangwala yatsa. Kafin wani ya tuna a duba bayanta, shatin ya baje.

Wata tara tana gidan yari kafin lauya ta zo. Barista Zinatu sunanta, 'yar cikin gari, tana cikin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ta karanta takardar kofur sau biyu, ta cire tabarau ta ajiye.

"Rhoda, wa ya ce ki faɗi maganar tukunya?"

"Ya ce in faɗi duka."

"Bari in gaya miki yadda doka take, ba yadda nake so ba. Kisa iri-iri ne. In mutum yana kanki zai kashe ki kika kare kanki, za a iya sallamar ki. Wannan ba mu da shi, don yana zaune ne ya ba ki baya. In kika shirya kika kashe da gangan, rataya ce. Tsakaninsu akwai wata ƙofa. In an yi wa mutum tsokana mai tsanani, zuciya ta ɗebe shi nan take, ya aikata kafin hankalinsa ya dawo, doka tana rage masa. Za a ɗaure shi, amma ba za a kashe shi ba. Wata rana zai fito."

"Zan ga Patience kenan."

"In mun shiga ta ƙofar. Amma doka tana son zafi, Rhoda. Tana son a ce an buge ki kin juyo kin rama. Lauyan gwamnati zai ce wadda ta tsaya ta nemi tsumma, ta kashe wuta, ta rufe tukunya, hankalinta yana jikinta. Me ya sa kika tsaya?"

"Man zai ƙone."

Barista ta ce ta ba ta labarin man. Rhoda ta ba ta, har da wayar lantarki da yashi da maganar Mama Fure. Barista tana rubutawa da sauri.

"Wannan zai iya taimaka mana. In alƙali ya gane hannunki ne ya sauke tukunyar, ba hankalinki ba, akwai fata. Amma bakinki kaɗai ba zai isa ba. Ina son mutum ɗaya daga gidan ya tsaya ya ce an yi shekara biyu ana dukan ki, ya ce cikin nan hauri ne ya zubar da shi. Mutum ɗaya. Asibitin da kika kwanta fa?"

"Sun rubuta rijiya."

"Maƙwabta?"

Maƙwabta sun ce katanga ce tsakaninsu, ba su ga komai ba, kuma su baƙi ne a garin, ba sa son kotu. Baba Philip ya ce shi sulhu ya yi, abin da aka binne a sulhu ba a tono shi. Saura Bitrus.

Ya zo ranar ziyara da burodi a leda. Ya rame. Suka zauna, benci a tsakaninsu, gandiroba tana tsaye a ƙofa.

"Ya Patience?"

"Tana lafiya. An sa ta makaranta."

"Baban Patience, Barista ta same ka?"

"Ta same ni." Ya juya ledar a hannu. "Maman Patience, ki duba inda nake. Ƙanena ne, ciki ɗaya. Yana ƙasa. Mama ba ta cin abinci. Ta ce in na tsaya a gaban mutane na zagi gawarsa, ta yafe ni, nononta da na sha ya bi ni. Uwa ce. In ce mata me?"

"Ka faɗi abin da ya faru kawai."

"Ni ba zan yi miki ƙarya ba, na rantse. Abin da na gani shi zan faɗa."

Ta gane. Ta karɓi burodin ta ce ya gaida gida.

Shari'ar ta ci shekara biyu da wani abu, ana ɗagawa ana dawowa. Ranar da Mama Fure ta hau akwatin shaida, ta zo da baƙin zane, ta riƙe Littafi ta rantse. Ta ce ɗanta yaro ne mai son wasa. Ta ce ranar ya ɗan taɓa matar wansa da itace, irin wasan da suka saba. Barista Zinatu ta miƙe.

"Mama, wane irin wasa ne ake yi da itacen girki?"

"Ku 'yan gari ba ku san shi ba. Mu a wajenmu mace da ƙanin miji har kokawa suna yi."

"Cikin da ya zube fa?"

"Rijiya ce. Yana rubuce a asibiti."

"Kin taɓa ce mata ko mutuwa ce ta shigo ta sauke tukunya tukuna?"

Tsohuwar ta gyara zane. "Kowace uwa tana koya wa surukarta aiki. Ni ban ce ta kashe mini ɗa ba."

Bitrus ya hau bayanta. Bai dubi inda Rhoda take ba. Barista ta tambaye shi ko ƙaninsa yana dukan matarsa.

"Ban taɓa gani da idona ba."

"Shekara biyu kuna gida ɗaya."

"Ni mai lodi ne, ranki ya daɗe. Ina fita da wuri."

"Ba ta taɓa nuna maka shati ba?"

"Mai aikin wuta da taɓarya ba ta rasa shati."

Bai yi ƙarya ba. Bai taɓa gani ba, silifarsa ta tabbatar da haka.

Da aka zo kan Rhoda, ta faɗi nata ta bakin tafinta, da murya ɗaya, kamar mai lissafa kayan miya. Barista ta so Rhoda ta yi kuka, ko muryarta ta karye, alƙali ya ga wani abu. Babu abin da ya fito. Lauyan gwamnati ya tashi a hankali, mutum ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba.

"Da ya buge ki, ya tafi ya zauna?"

"E."

"Kika tashi. Me kika fara ɗauka?"

"Tsumma."

"Guda nawa?"

"Biyu. Kunnen tukunya biyu ne."

"Man ya zube da kina saukewa?"

"A'a."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

"Hannunki bai yi rawa ba kenan. Sai kika kashe wuta, kika rufe da faifai. Don me kika rufe?"

"Kada ƙasa ta shiga."

"Kin tuna da ƙasa." Ya juya ya dubi alƙali, ya dawo. "A lokacin da kike rufewa, kin san za ki ɗauki taɓarya?"

Rhoda ta yi tunani, don an ce ta faɗi gaskiya. Ta nemi lokacin a cikin kanta, ba ta samu komai ba sai ƙarar nan siririya.

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba, ko ba ki tuna ba?"

"Ban sani ba."

Ya ce ya gama.

Barista Zinatu ta yi magana kusan awa guda. Ta ce a duba shekara biyu, kada a duba minti uku. Ta ce akwai wanda zafinsa ke fita da ihu, akwai wanda aka daka har ya daina ihu. Ta ce matar nan an koya mata sauke tukunya kamar yadda ake koya wa sa mai huɗa juyawa a ƙarshen kunyar gona, ba ya tunani, juyawa kawai yake yi. Alƙali ya saurara, ya rubuta.

Ranar hukunci ya yi karatu mai tsawo da Turanci. Tafinta ya taƙaita mata. Kotu ta ce maganar dukan shekara biyu ba wanda ya goyi bayanta, shaidun gida sun musanta, takardar asibiti ta ce rijiya. Kotu ta ce ko an yarda an buge ta a ranar, ta samu lokacin da zuciya za ta sauka, kuma abin da ta yi da tukunya ya nuna ta sauka. Kotu ta ce hannunta a ɗaure yake, hukunci ɗaya doka ta ajiye wa wannan laifi. Za a rataye ta ta wuya har ta mutu.

Rhoda ta ce to. Tafinta ya zaci ba ta ji ba, ya maimaita. Ta sake cewa to.

Barista ta ɗaukaka ƙara. Ta ce zai ɗauki lokaci, kuma kotun sama takardun da ke gabanta take dubawa, ba a kiran sababbin shaidu sai da dalili mai ƙarfi. Wata gandiroba mai suna Priscilla ta ce mata kada ta damu, yanzu ba a cika sa hannu a takardar rataya ba, akwai waɗanda suka shekara ashirin suna jira. Don ta kwantar mata da hankali ta faɗa.

Kafin a mayar da ita gidan yarin da ake ajiye masu irin hukuncinta, a wani gari mai nisa, Bitrus ya zo sau ɗaya. Bai kawo Patience ba. Ya ce Mama ta ga gara a ce wa yarinyar uwarta ta rasu, don 'yan makaranta suna tsokanar ta, kuma yaro yana saurin mantuwa. Ya ce shi bai so ba, amma an riga an faɗa mata, ta yi kukanta ta gama. Ya ce Baba Philip yana sa ta a addu'a.

Gandiroba ta duba agogo.

"Man fa?" in ji Rhoda.

"Wane mai?"

"Na ranar."

Ya ɗan yi jim kafin ya tuna. "Ya yi kyau. Fari tas. Da shi aka yi abincin makoki, har mata suna tambaya wa ya yi."

Ta gyaɗa kai.

Mama Fure tana nan a gidan, ta samu wata mata daga cikin 'yan gudun hijira tana yi mata bugun ƙulli. Bitrus yana lodi. Patience tana aji huɗu, in an tambaye ta sai ta ce ita marainiya ce. Rhoda tana da shekara ashirin da bakwai ranar da ta sauke tukunyar. Yanzu tana da talatin da huɗu. Kullum da safe in ta ji ƙarar makullai a baranda sai ta tashi zaune, ta naɗe bargonta ta ajiye a gefe, ta jira ta ji a wace ƙofa za su tsaya.